Karan Dawa a Kan Siminti

"Bismillah, Malam, ɗaga ta dama."

Sau uku ke nan Saude tana faɗa, amma ƙafar ba ta ɗagu ba. Malam Habu yana tsaye a tsakiyar tsakar gida, buta a hannunsa na hagu tana kaɗawa har ruwan yana fallatsa a kan wandonsa, hannun dama kuma yana kan kafaɗar matarsa da dukan nauyinsa. Tsakaninsa da ƙofar bayi bai fi taku goma ba. Tun rana ba ta leƙo katanga ba suka fito daga ɗaki, ga shi yanzu ta sauko har kan turmi.

Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafar kamar ta wani ce aka ba shi ajiya. Yatsun suka motsa a cikin silifa, gwiwa ta ɗan yi rawa, diddige ya ƙi barin ƙasa. Leɓensa ya motsa. Saude ta kai kunnenta kusa da bakinsa, domin muryar ma ciwon ya cinye ta, sai raɗa ta rage.

"Ta ƙi," in ji shi.

"Na ga ta ƙi. Mu jira ta."

"Amarya, kin tsufa. Kafaɗar nan duk ƙashi ce."

"Wa ya tsufar da ni in ba kai ba? Tsaya daidai, kada ka kayar da mu."

Suka tsaya. Bayanta yana ciwo tun daga ƙugu har wuya, irin ciwon da ta daina ba kowa labarinsa. Kaji suna yawo a kan simintin, suna caccakar abin da babu.

Shekara uku ke nan da abin ya fara, daga babban yatsa ɗaya da yake rawa idan yana jan carbi. A asibitin Tudun Wada aka ce ciwon karkarwa ne, irin wanda yake zuwa da shekaru, ba ya tafiya amma magani yana rage masa kaifi. Aka ba su ƙwayoyi. To amma mutanen Burumburum suna da idanu. Sun ga mutumin da zai shiga gonarsa bayan an yi huɗa, ya riƙa tsallake kunya bayan kunya har ya kai wancan bakin, sannan ya dawo gida ya kafe a zaurensa kamar an ɗaure shi a turke. Wane irin ciwo ne wannan da ya san gona ya san gida? Tun ana faɗa a ɓoye har aka fito fili: abu aka binne masa, ya tsallaka.

Ana cikin wannan maganar ne, wata safiya bayan girbi, Uzairu, ɗansu na fari da yake sayar da taki a Tudun Wada, ya zo ya tarar da Umaru, ƙanin Malam Habu, a durƙushe a ƙofar zaure yana jera karan dawa a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a gicciye. Dama akwai tsohuwar tsama tsakanin gidajen biyu a kan iyakar gona. Uzairu bai tsaya tambaya ba. Ya yi ihu har unguwa ta taru. Umaru, wanda dama ba mai yawan magana ba ne, yana ta cewa, "Ku bari ku gani, ku fito da shi ku gani," babu mai saurarensa. Uzairu ya tattara karan ya cinna musu wuta a gaban jama'a. Umaru ya karkaɗe gwiwarsa ya tafi, bai sake taka ƙofar ba.

Mai maganin da aka je wurinsa ya ce kada Malam Habu ya ƙara tsallake komai, ko da zare ne. Uzairu ya kawo magina. Suka fasa dokin ƙofa na ɗaki da na zaure, suka tone ko'ina ba su sami komai ba, sannan suka malale gidan da siminti sumul tun daga ɗaki har waje. Aka hana shi zuwa gona. Ita kuwa Saude aikinta ya zama shara: safe, rana, la'asar. Tsinke, igiya, muciya, takalmi, duk abin da zai gitta a gabansa sai ta kawar. Wata takwas tana haka, Malam kuma kullum sai ƙara kafewa yake yi.

Lasifikar masallaci ta yi kukan da take yi idan an kunna ta. Ba lokacin salla ba ne. Saude ta ji hannun da ke kafaɗarta ya ƙara nauyi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji muryar ladan. "Allah ya yi wa Malam Umaru, ƙanin Malam Habu, rasuwa da safiyar nan. Za a yi jana'iza a ƙofar gidansa."

Butar ta faɗi. Ruwan ya malala a kan simintin, ya rasa inda zai shiga, ya bi ta ƙarƙashin ƙafafunsu. Saude ta yi salati. Sun ji a bakin maƙwabta cewa kwana shida Umaru yana kwance da zazzaɓi. Sau biyu tana ɗaukar mayafi za ta je dubiya, sau biyu tana ajiyewa, don ba ta san da wace fuska za ta shiga gidan ba.

Ba su kai bayin ba. Ta jawo kujera da ƙafarta ta zaunar da shi, ta kare shi da zani, ta yi masa abin da take yi masa a irin waɗannan ranaku ba tare da ɗayansu ya dubi ɗaya ba. Da ta gama ya kama gefen zaninta.

"Farar rigata," ya raɗa.

"Malam..."

"Da hula."

Tana cikin zura masa hannu a rigar, hannun yana ƙin lanƙwasa, aka yi sallama. Bushira ce, babbar 'yar marigayin, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa daga nesa ta gaida su. Suka yi wa juna gaisuwar rashi, kowa yana kallon ƙasa.

"Inna ce ta aiko ni," Bushira ta ce. "Ta ce a faɗa wa Baffa, Liman ya sa ƙarfe sha ɗaya, don hadari yana haɗuwa kuma an gama haƙa kabari. Ta ce ita dai ta faɗa. In ya zo, to. In bai zo ba, ba za ta ce komai ba, amma bakin mutane ba a hannunta yake ba."

"Me mutane suke cewa?" Saude ta tambaya, duk da ta sani.

Bushira ta ce, "Wai har gawar ma ba zai yafe wa ba."

Malam Habu ya ce wani abu. Bushira ta dubi Saude. Saude ta sunkuya ta ji, ta ɗago.

"Ya ce ki ce yana zuwa."

Bushira ta dubi ƙafafun baffanta, ta dubi simintin. Ta tashi ta fita.

Goma ta wuce da kwata lokacin da aka ji tsayuwar babur a waje. Uzairu ya shigo da sauri, shadda a jikinsa, waya a hannu, gumi a goshi. Ya durƙusa ya gaida iyayensa. Da ya ga farar rigar sai ya dubi uwarsa.

"Inna, ina za shi?"

Saude ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai ma ka san inda za shi."

"Ni zan je in tsaya a madadinsa. Kowa ya san ba shi da lafiya."

"Kowa ya san an gan shi yana keta gona. Abin da kowa ya sani ke nan."

Uzairu ya share goshinsa. Ba mugun yaro ba ne, ta sani. Shi yake sayen ƙwayoyin, shi yake zuwa duk Juma'a ya yi wa ubansa aski ya yanke masa farce. Simintin nan ma da hawaye a idonsa ya sa aka zuba, don ya taɓa ganin uban ya faɗi ya fasa goshi.

"To, in dole ne, bari in goya shi zuwa waje in ɗora shi a babur."

"Ka manta Sallah ƙarama? Jikinsa sandarewa yake yi, ba ya iya riƙe ka. A kwata kuka faɗa, kuka kwana biyu kuna jinyar kafaɗa."

"To a aro baro a wajen masu bulo. A shimfiɗa bargo. Minti biyar mun isa."

Sandar da Malam Habu yake dogarawa da ita ta bugi ƙasa. Ba da ƙarfi ba, amma duk suka juya. Saude ta kai kunne. Ta daɗe a sunkuye, don maganar tana fitowa ne guntu-guntu.

"Ya ce shi ya goyi Umaru lokacin da uwarsu ta rasu. Ya ce ba za a tura shi gaban gawarsa a baro kamar buhun taki ba. Da ƙafarsa zai je."

"Baba, wace ƙafar?" Uzairu ya faɗa. Nan take ya ji nauyin abin da ya fito daga bakinsa, ya sunkuyar da kai.

Suka ɗaga shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ya yi taku huɗu ƙanana, masu jan ƙasa, kamar mai tafiya a kan santsi. A na biyar ya tsaya. Daga nan zuwa zaure akwai tazarar da Saude take sharewa da jan tsintsiya goma sha biyu. Daga zaure kuma sai a bi lungu, a wuce rijiya, a wuce gindin dalbejiya, kafin a kai ƙofar gidan Umaru. Da, kafin tuwo ya huce a kwano an kai shi can.

"Ɗaga, Baba. Ɗaya, biyu. Ɗaga."

Uzairu ya ja shi kaɗan. Jikin ya karkato gaba, ƙafafun suka tsaya a inda suke, sai da Saude ta tare shi da ƙirjinta. Uzairu ya duƙa ya kama ƙwaurin da hannu biyu ya matsar da shi, ya kama ɗayan ya matsar. Taku ɗaya ke nan. Ya sake. Kafin su yi taku uku haka, shaddarsa ta jiƙe da gumi, ya duba waya.

"Saura minti ashirin da biyar. Baba, don Allah ka bari a kawo baron."

Malam Habu ya ƙara damƙe sandarsa. Idonsa yana kan ƙofar zaure. Hawaye ya gangaro ta gefen hancinsa, fuskar kuma ba ta canza ba, domin ciwon ya daɗe da hana ta nuna komai.

Gabas ta yi baƙi. Iska ta taso ta kaɗa shanya, ta kifar da faifai. Saude ta ji ɗigon farko a bayan hannunta, sai hankalinta ya tafi inda ya saba tafiya shekara arba'in: makamashi. Damin karan dawa na bara yana jingine da rumbu, shi kaɗai ya rage mata, in ya jiƙe babu girki yau babu gobe.

"Riƙe shi," ta ce da ɗanta. "Riƙe shi da kyau."

Ta je ta rungumo damin, za ta wuce da shi madafi. Hanya ɗaya ce, ta gaban Malam. Ta taka inda ruwan buta ya kwanta, ƙafarta ta zame, ta dafe bango. Igiyar damin, wadda dama ta ruɓe, ta tsinke. Karan ya zube, ya gangara a kan simintin, ya watsu a gaban ƙafafun mijinta.

"Inna! Kwashe, kwashe maza!" Uzairu ya saki ubansa da hannu ɗaya yana ƙoƙarin ture karan da ƙafa. "Baba, kada ka motsa!"

Malam Habu ya dubi karan da ya gitta a gabansa. Gwiwarsa ta dama ta ɗagu, sama sosai, yadda take ɗaguwa a gona. Ƙafar ta haye karan ta sauka a bayansa, diddige ya fara taɓa ƙasa. Ta hagu ta bi, ta haye na biyu. Ta dama ta haye na uku. Hannun Uzairu ya zame daga jikinsa. Ya haye na huɗu, na biyar, shi kaɗai da sandarsa. Inda karan ya ƙare, siminti ya sake buɗewa fili, nan ya tsaya cak.

Iska tana ta kaɗa farar rigar.

Saude tana dafe da bango. Abin da ta gani a idonta ba mijinta ba ne. Umaru ta gani a durƙushe a ƙofar zaure da sanyin safiya, yana ajiye kara, yana auna tazara da tafin ƙafarsa, yana ajiye wani. Ta leƙo ta gan shi a ranar. Ta ji yana cewa a fito da shi a gani. Ita ce ma ta miƙa ashanar.

Ta durƙusa. Gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta zaɓi karan da suka fi miƙewa, ta rarrafa gaban mijinta, ta ajiye ɗaya a gicciye. Ta ajiye wani, taku ɗaya a gabansa.

"Inna, me kike yi?"

Ta ajiye na uku.

"Inna, an ce kada ya tsallake komai! Ko zare aka ce!"

"Wata takwas bai tsallake komai ba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ina ya je?"

Ta juya ga mijinta.

"Bismillah, Malam."

Ya haye. Ya haye. Ta ja jiki gaba tana jerawa, yana biye da ita. Suka shiga zaure, inda duhu da ƙunci suka saba kafe shi, ta matso da karan kusa-kusa, ya ɗan yi jinkiri, ya haye. Rabonsa da ganin ƙofar gidansa daga waje tun Sallah ƙarama.

A bakin zaure ta tsaya ta ja mayafinta ta rufe kai. Kara takwas ne a hannunta. Lungun ya yi tsit, maza duk sun tafi wajen jana'iza, sai mata da suke leƙowa ta kan katanga. Ta san abin da za su gani: tsohuwa a duƙe a kan hanya tana jera wa mijinta kara, irin abin da aka tara unguwa a kansa. Ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ta duƙa ta ajiye na farko.

Aikin ba shi da wuya, sai dai ba ya ƙarewa. Ta jera takwas, ya haye takwas, ta koma baya ta tsince, ta zagayo gabansa ta sake jerawa. Shi kuma ya tsaya yana jiranta, yana rawa a kan sandarsa. Uzairu yana tafe a gefe, hannuwansa a buɗe a bayan uban ko zai faɗi, bai taɓa karan ba, bai kuma hana ba. Inda ruwa ya yi zaizaya ya bar ƙaramin kwari a gicciye, Malam bai jira kara ba, ya haye abinsa. Inda ƙasa ta kwanta sumul, nan yake tsayawa.

Wata maƙwabciya ta ce daga kan katanga, "Saude, lafiya? Me muke gani haka?"

"Tafiya muke yi," ta amsa.

A jerawa ta biyar, daidai rijiya, bayanta ya riƙe. Ta duƙa za ta ajiye kara, sai wani abu ya soke ta a ƙugu kamar an caka mata tsitaka. Ta kasa miƙewa, ta kasa ƙarasa duƙawa. Ta dafa bakin rijiyar, numfashinta yana fita da ƙyar. Yayyafi ya fara sauka sosai. Daga can gaba, bayan dalbejiya, ana jin muryar wani yana cewa a daidaita sahu.

Uzairu ya dubi uwarsa. Ya dubi karan da suka zube a gabanta. Ya dubi wayarsa, ya jefa ta a aljihu. Ya tattare shaddarsa ya cusa a wando, ya durƙusa a cikin taɓo.

Bai iya ba. Ya jera su nesa da juna saboda sauri, wasu a karkace. Malam Habu ya ɗaga ƙafa ya mayar. Ya bugi ƙasa da sanda. Uzairu ya waiwayi uwarsa don ta ji masa, amma ta kasa barin jikin rijiya. Dole ya tashi da kansa ya kai kunnensa bakin ubansa.

Saude tana kusa, iska kuma ta kawo mata maganar.

"Taku ɗaya-ɗaya," Malam Habu ya raɗa. "Yadda Baffanka ya jera."

Uzairu ya tsaya a sunkuye, kunnensa a bakin uban, ko da yake maganar ta ƙare. Da ya ɗago, bai dubi kowa ba. Ya koma ƙasa. Ya ajiye kara, ya auna da tafin ƙafarsa, ya ajiye wani.

Saude ta lallaɓa ta bi su a baya, hannu ɗaya a ƙugu, tana tsintar wanda aka haye tana miƙa wa ɗanta ba tare da ta duƙa sosai ba. Haka suka wuce dalbejiya, su uku.

An riga an ajiye makara a ƙofar gidan. Sahu uku sun tsaya, Liman yana gaba yana gyara rawaninsa. Wani tsoho a sahun baya, Maikano, abokin Malam Habu tun suna kiwon awaki, shi ya fara waiwayowa. Ya ƙura ido, sannan ya ɗaga murya.

"Liman, dakata! Ga yayansa nan tafe."

Kawuna suka juyo. Mutum sama da ɗari suka tsaya a cikin yayyafi suna kallon Uzairu mai taki yana rarrafe a taɓo yana jera karan dawa, ubansa yana hayewa ɗaya bayan ɗaya, farar rigarsa ta manne a jikinsa. Waɗanda suka ga ranar da aka ƙona karan Umaru suna cikin sahun, da yawansu. Wasu suka sunkuyar da kai. Sahun baya ya buɗe, na tsakiya ya buɗe. Uzairu ya jera har sahun gaba.

"Ka makara kamar kullum, Habu," Maikano ya ce a hankali lokacin da ya zo wucewa, yana share ido da gefen rigarsa. "Wuce, ana jiranka."

Nan iyakar mata. Saude ta raɓa ta gefen katanga ta shiga gidan, ta ɗaga ƙafa ta haye dokin ƙofarsu, wanda yake nan yadda yake tun aurenta. Ba ta wuce ciki ba. Ta tsaya a bayan zanar da ta kare zauren, inda akwai 'yar kafa, ta sa ido.

Liman ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Sallar gawa ba ta da ruku'u, ba ta da sujada, tsayuwa ce kawai daga farko har ƙarshe. Malam Habu ya tsaya a bayan Liman, daidai kan ƙaninsa, babu mai riƙe da shi. Tsayuwa kam ya iya ta. Wata takwas yana koyonta.

Da aka yi sallama aka ɗaga makarar, ya miƙa hannunsa mai rawa ya dafa gefenta, har ta wuce shi. Uzairu yana tsaye a bayansa da karan a rungume a ƙirji, kafaɗunsa suna girgiza.

A cikin gida mata sun cika rumfa. Lubabatu, matar marigayin, tana zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, carbi a hannu. Wata takwas rabon da su haɗa ido da facalarta. Saude ta durƙusa a gabanta da ƙyar.

"Lubabatu, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin, Yaya." Ta ja carbi ɗaya. "Ya zo?"

"Ya zo."

"A me?"

"Da ƙafarsa."

Lubabatu ta ɗago. Idonta ya sauka a kan hannun Saude. Sai a lokacin Saude ta lura akwai kara ɗaya da ta manta ba ta miƙa ba, tana riƙe da shi, duk taɓo.

Lubabatu ta daɗe tana kallonsa.

"Kwana biyu yana zaɓensu," ta ce. "Ya fere su da wuƙa don kada su soke shi a ƙafa. Ya ce, na ga Yaya a gona, in akwai abin hayewa yana tafiya. Na ce masa ka fara gaya musu mana. Ya ce in na faɗa za su ce tatsuniya ce, gara su gani." Ta ja wani carbin. "Da ya dawo bai ƙara tayar da maganar ba. Ko sau ɗaya."

Lubabatu ta matsa gefe kaɗan ta bar mata wuri a kan tabarmar. Saude ta zauna. Ruwa ya kece a kan kwano, har ba a jin kukan kowa.

Sai bayan azahar suka koma gida. Uzairu ne ya jera har ɗaki, ya cire wa uban jiƙaƙƙiyar rigar, ya kwantar da shi. Da zai fita ya tsaya a tsakar gida yana kallon simintinsa, wanda ruwa ya wanke yana ta ƙyalli.

"Inna..." ya fara.

"Je ka zauna a wajen zaman makoki," ta ce. "Gidan baffanka ne. A gan ka."

Ya tafi.

Da la'asar ta yi, hannunta ya kai kan tsintsiya da kansa. Ragowar damin yana nan warwatse a inda ya zube da safe, ya sha ruwa, ba zai kama wuta ba yau ko gobe. Ta tsaya da tsintsiyar a hannu, bayanta yana zugi. Daga ɗaki ta ji sanda ta bugi ƙasa sau biyu, alamar yana son buta.

Ta jingine tsintsiyar a jikin rumbu. Ta dafa gwiwa ta duƙa a hankali, ta ɗauki kara ɗaya ta ajiye a bakin ƙofar ɗakin, daidai inda dokin ƙofa yake a da. Ta auna da tafin ƙafarta, ta ajiye na biyu.